Don Duniya Ta So Mu, An Fasa Dakalin Baba Ladan

Jama'a, ku taya ni murna, na shiga tarihi. Ranar Talatar makon jiya da hantsi aka ɗauke ni cak daga unguwarmu ta Ƙofar Ran, aka jefa ni bayan a-kori-kura, tef ɗina na awo rataye a wuya, allura soke a gaban riga. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba, ban ma riƙe wa kowa ɗinkin biki ba, wanda shi ne laifin da aka san mu da shi mu teloli. Laifina shi ne na zauna. Na zauna a ƙasa, a unguwar da aka binne cibiyata, a ranar da duniya za ta zo ganinmu.

Bari in ɗan koma baya, kada wanda ba ɗan gari ba ya ɗauka rana ce ta taɓa kan Auwalu tela.

Watannin baya aka kafa mana wani kwamiti mai dogon suna, Kwamitin Fito da Gari Idon Duniya. Aikinsa shi ne ya jawo mana 'yan yawon buɗe ido da masu zuba jari daga ƙasashen waje. Wallahi da na ji, na yi murna har cikin raina. Garin da ke da Yankari a gefe, ga duwatsu ko'ina ka duba, ga masar da ake saye a yi tsarabarta har Abuja, me zai hana duniya ta san da shi? Shugaban kwamitin, wanda mu a unguwa muke kira Yallaɓai Mai Hangen Nesa, Allah ya ƙara masa tikitin jirgi, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ɗebi tawaga ya tafi Dubai domin ya gano mana sirrin mutanen can. Ya sha wahala saboda mu, don da ya dawo wuyan rigarsa ma ya matse shi.

A rediyo na ji sakamakon binciken. Ina taka keken ɗinki da ƙafa a lokacin, don wuta ta tafi tun shekaranjiyar ranar ba ta bar sallahu ba. Yallaɓai ya ce duk zaman da ya yi a can, ya zaga lungu da saƙo a cikin mota, bai ga mutum ɗaya tak zaune a ƙofar gidansa ba. Bai ga dakali ko ɗaya ba. Saboda haka kwamiti ya gano abin da ya raba mu da su: su ba sa zama, mu kuwa muna zama. Mai zuba jari in ya shigo gari ya ga ƙarti a jere kan dakali, sai ya ce raggwaye ne, ya naɗe kuɗinsa ya yi gaba.

Na tsayar da keke. Ashe duk shekarun nan muna ta zargin wuta da famfon da ba ya kawo ruwa da ramukan titi, alhali mazaunanmu ne suka hana mu ci gaba. Ilimi daɗi, ko da na jirgi ne.

To, tsallaken titi daga shagona akwai gidan Baba Ladan. Duk wanda ya taɓa wucewa ta nan ya san shi, farin gemu, hula zanna da ta sha wanki, randa a gefe da moɗa a kai. Fatoma ne, ɗan fatoma, wato mai saukar da fatake. A zamanin da yake da ƙarfi, baƙo in ya taso daga Kamaru ko Chadi ko Nijar da niyyar sayen riɗi ko gyaɗa, a zaurensa yake sauka. Shi zai ba shi ruwa da tuwo, shi zai aika a kira masa manoman Miri da na Tirwun, in an ƙulla ciniki shi zai tsaya a tsakani ya sa albarka. Ba takarda, ba lauya. In ka ci amanar baƙon Baba, ka daina bin titin nan ke nan, don ba ka da idon da za ka kalle shi da shi. Duk wannan a kan dakalin ƙofar gidan ake yi, wanda mahaifinsa ya gina da hannunsa. Yanzu otal-otal sun cika gari, waya ta shigo, fataken sun ragu. Amma har bana akwai wanda bai daina zuwa ba, zan zo kansa.

Shekarun baya Baba ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai. Abin da ya rage masa a duniya shi ne dakalin nan, kuma ba don tarihi kaɗai ba. Tsayinsa ya zo masa daidai ne. Da sandarsa yake jan ƙafa daga ɗaki ya ratso zaure ya zauna, in an kira sallah ya dafa gefen dakalin da hannun dama ya miƙe da kansa, ba mai taɓa shi. Tabarma in ya zauna a kai, sai an ɗago shi kamar buhu. Kujerar roba kuwa zamewa take yi. A nan yake wuni, mai tafiya kasuwa ya gaishe shi, mai dawowa ya gaishe shi, mai keke Napep ya rage gudu ya ɗaga hannu. Ya san wanda aka haifa, ya san wanda ya rasu, ya san farashin tumatir a kasuwar Wunti kafin ni da ke da ƙafa biyu lafiyayyu in sani.

Abu na farko da kwamiti ya turo mana shi ne mai ɗaukar hoto. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gai da Baba, ya sha ruwan randa, ya ce a ɗan yi murmushi. Baba ya yi. Yaron ya ce wannan hoton har Turai sai ya je. Muka yi ta tsokanar Baba muna cewa to, Turawa za su fara aiko da neman aure.

Abu na biyu da suka turo shi ne mutum da gwangwanin jan fenti. Ya bi titin tun daga sama yana zana wa kowane dakali alama. Da ya zo kan na Baba, sai da ya ce masa ya ɗan gyara zama, don ya samu wurin zanawa.

Malama Sauda, 'yar Baba ta fari, ita ke kula da shi tun rasuwar mijinta, tana kuma koyarwa a Islamiyyar unguwa. Ta tsallako shagona da yamma ta ce, Yaya Auwalu, ka raka ni ofishin mutanen nan, in na je ni kaɗai bakina zai ja mini. Na ajiye wandon wani da ke jira, muka hau keke Napep.

Ba mu samu ganin Yallaɓai ba, an ce ya tafi wata ƙasar ƙaro bincike. Aka tura mu wajen mai riƙe masa jaka, Ƙaramin Yallaɓai, wani matashi mai sanyin murya da ƙamshin turare. Ba a ba mu wurin zama ba, ba kuma don wulaƙanci ba, kujerun ne duk da masu su. Ɗakin cike yake da ma'aikata a zaune. Wani na ɓare gyaɗa, wani na kallon ƙwallo a waya, wata ta kifa kai a tebur tana hutawa daga hutun da ta yi da safe. Sauda ta yi bayani tiryan-tiryan, ta faɗi ciwon Baba, ta faɗi tsayin dakali, ta ce in an fasa shi an rufe tsohon a ɗaki ke nan. Ƙaramin Yallaɓai ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya yi mana lacca a kan yadda duniya ke kallon gari, ya ce sunan gari ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kowa sai ya sadaukar da wani abu.

Sauda ta juya ta dubi ɗakin a hankali.

"Ranka ya daɗe, su waɗannan da muka tarar a zaune fa, mai zuba jarin ba zai gan su ba?"

"Malama, su ai aiki suke yi," in ji shi, ko a jikinsa. "Zamansu na ofis ne."

Na ja gefen hijabinta kafin ta ƙara. Ya ce za a duba. Ni dai tun ina yaro, duk abin da aka ce mini za a duba, ban sake ganinsa da rai ba.

Ba a yi mako ba leburori suka iso da guduma da diga. Yaran Tirwun ne, wasu ma Baba ya san iyayensu. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna, ba wanda ya iya ce wa Baba ya tashi. Shi ya dafa ya miƙe da kansa, ya ja ƙafa zuwa bakin zaure ya jingina. Ni ina tsaye, ina shirya maganganun da na san ba za su hana komai ba. Sai na ji ya ce:

"Sauda, miƙa musu moɗa su sha ruwa tukuna. Baƙi ne, a rana suka zo."

Suka sha, kansu a ƙasa. Sannan suka fasa. Ban iya kallo har ƙarshe ba, na koma shago na yi ta taka keke ba tare da na sa ƙyalle a ƙarƙashin allura ba. Na ji zafin abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Mun gwada kujerar roba. Rana ta biyu ta zame da shi, ya ƙuje gwiwar hannu. Mun gwada tabarma, amma tsohon da ya shekara tamanin yana tarbar baƙi a tsaye bai jure a riƙa ɗago shi a gaban jama'a ba. Ko da ya jure ma, kwamiti ya ɗauki wasu samari ya sa musu falmaran kore mai sheƙi, aikinsu su bi titi suna tayar da duk wanda ya zauna. Baba ya koma ɗaki.

Masu karatu 'yan gari sun san bambancin gaisuwar dakali da ta cikin gida, amma bari in faɗa don Yallaɓai, ko Allah zai sa wani ya karanta masa a jirgi. Gaisuwar dakali kyauta ce, kana tafiya kake yin ta. Shiga gida kuwa sai ka yi sallama, a ce wa mata su kintsa, ka cire takalmi, kuma ba ka shiga wajen marar lafiya hannu rabbana. Makon farko an yi ta zuwa. Na biyu aka ragu. Daga nan sai ni da liman da mai maganin da ke gwada masa jini. Sauda ta ce mini tuwon ma sai ta yi da gaske yake cin loma biyu, wuni yake yi fuskarsa na kallon bango.

Ana cikin haka aka kawo allon. Ƙaton allon talla ne na ƙarfe, ya fi soron gidan tsayi. Aka kafa ƙafafunsa a bakin kwata, daidai gaban inda dakalin yake a da, aka yi masa zani na kwano har ƙasa, aka jera sunayen 'yan kwamiti a jiki kada tarihi ya manta da su. Da aka yaye ledar da ke sama, sai ga Baba Ladan. Ga shi nan zaune a kan dakalinsa, ga randa, ga moɗa, yana murmushin nan da yaron ya roƙa. A ƙasa an yi rubutu da Turanci. Na tambayi Sauda me aka ce. Ta ce wai, garin karɓar baƙi, zo ka zauna da mu.

Dole in yaba wa kwamiti a nan, don ni ba na hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Hoton ya yi kyau. Wannan Baban na sama ba ya tari, ba ya buƙatar magani, ba ya tare hanya. Har masu keke sun saba, in sun zo wucewa sai ka ga sun ɗaga masa hannu. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne, zanin kwanon nan ya rufe gurbin dakalin ruf, wanda ke cikin mota ba zai taɓa ganin abin da ke bayansa ba. Wato da an bar dakalin ma, ba baƙon da zai san yana nan. Amma wannan tunanin tela ne, wanda bai taɓa zuwa Dubai ba.

Sai ranar Talata, ranar zuwan baƙi. Tun da sassafe aka bi da lasifika ana cewa kowa ya shige gida, wanda ya zama dole ya fito ya kasance a tsaye kuma yana tafiya. An share titi, an shafa wa bangayen da ke kallon hanya farin fenti, na lungu kuwa an bar su da halinsu. Mai shayi ya kwashe bencinsa, mai masa ta koma da tandarta cikin gida. Ina leƙe ta ƙofar shago sai na ga keke ya tsaya, wani dogon mutum siriri ya sauko, silifas a ƙafa, buta a hannu ɗaya, jakar bakko a ɗayan. Alhaji Hammawa ne na Garwa.

Shi ne wanda na ce zan zo kansa. Duk kaka, in an gama girbin riɗi, sai ya taso daga Kamaru ya zo nan. Mahaifinsa a zauren mahaifin Baba yake sauka, shi kuma a na Baba. Kada silifas ɗin ya ruɗe ku, mutumin nan in ya bar gari tireloli ne ke bin bayansa. Manoman Miri da yawa da zuwansa suke aurar da 'ya'ya, su sauya kwanon ɗaki. Ba ya kiran waya kafin ya zo, don a ganinsa wanda zai je gidansu ba ya neman izini.

Ya tsaya ya dubi inda dakali yake, ya ga kwano. Ya ɗaga kai, ya ga Baba a sama. To, mu nan abu biyu ke sa a ɗaga hoton mutum haka, ko yana takara, ko ya riga mu gidan gaskiya ana tunawa da shi. Hammawa kuwa ya san Baffansa, kamar yadda yake kiran Baba, ba ya neman ƙuri'ar kowa. Na ga butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙushe a gindin allon, ya ɗaga hannuwa yana salati, hawaye na bin gemunsa.

Kafin in sa takalmi, masu falmaran sun rufe shi.

"Kai dattijo, tashi daga nan. Baƙi daga ƙasar waje na tafe."

Ya ɗago jajayen idanu ya ce da su ai shi ma daga ƙasar waje yake, jiya ya tsallako iyaka. Babbansu ya dubi silifas ɗin, ya dubi jakar, ya yi dariya.

"Baba, ba irinka ake nufi ba."

Na tsallaka da gudu in gaya masa Baba na nan da ransa. Amma ku ma kun sani, ba a tsaya wa babba a ka yana durƙushe a ba shi labari. Sai na durƙusa kusa da shi, na dafa kafaɗarsa, ƙafata ta gaji na zauna sosai. Ban kai ga buɗe baki ba na ji an sure ni. Haka aka loda mu, ni da shi da butarsa.

A bayan motar na gaya masa. Ya riƙe hannuna gam, ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni to me ya sa aka ɗaga hoton. Na ce don a nuna wa duniya muna karɓar baƙi. Ya dubi motar da muke ciki, ya dubi yaron da ke tsaron mu da sanda.

Wani fili mai shinge aka kai mu a hanyar Miri, ba inuwa, ba ruwa. Nan kam an ba mu cikakken izinin zama. Mun tarar da jama'a da yawa, masu yankan farce, masu wankin takalmi, da tsofaffin da ƙafa ta gaji suka huta a inda bai dace ba. Sai ga Toma, manomin Miri da ya daɗe yana sayar wa Hammawa riɗi ta hannun Baba. Shi kuma an tare shi ne a kan babur, wai buhun da ya ɗauro zai ɓata wa baƙi gani. Suka rungumi juna. Toma ya kwance bakin buhu ya ɗebo riɗi a tafin hannu, fari tas, ya ce Alhaji, tunda Allah ya haɗa mu, mu yi magana mana. Hammawa ya murza, ya sansana, ya jefa kaɗan a baki. Na ga ya yi masa. Amma ya mayar ya ce shi bai taɓa ƙulla ciniki a garin nan ba Baffa ba ya zaune a tsakani, ba kuma zai fara a cikin shinge ba.

Ku duba mini wannan. Mai saye daga ƙasar waje, mai sayarwa ɗan gida, kaya a hannu, duk kwamiti ya tara su wuri ɗaya ya kulle, kada su tsorata masu zuba jari.

Su baƙin ban gan su ba, Sauda ce ta ba ni labari, ta leƙa ta tagar zaure. Ta ce ta ji jiniya, ta ga motoci masu baƙin gilashi sun wuce fuu, kafin ta gyara tsayuwa sun ɓace. Ba wanda ya sauke gilashi, balle ya karanta allon. Da yamma rediyo ta ce an samu gagarumar nasara, an sa hannu a takardar fahimtar juna, baƙin sun kama jirgi kafin la'asar. Wani direba da ke kawo mini ɗinki ya ce a cikin motarsa ɗaya daga cikinsu ya tambaya, cikin damuwa, ko dokar hana fita aka sa, don bai ga mutane ba. Aka ce masa a'a, tarbiyya ce.

Bayan la'asar aka buɗe mana shinge, kowa ya nemi hanyarsa. Muka wuce gidan Baba kai tsaye. Ɗakin da duhu, yana kwance, ya rame har na ji kunyar Hammawa ya gan shi haka. Hammawa ya durƙusa ya kama hannunsa. Abin da Baba ya fara faɗa ba sannu da zuwa ba ne, haƙuri ya ba shi. Ya ce ya yafe masa, tun zamanin iyayensu ba a taɓa yin baƙon gidan nan ya iso bai tarar da mai gida a ƙofa ba. Sauda ta juya ta fita.

Da Hammawa ya ba shi labarin yadda ya yi masa addu'ar mamaci a gindin allo, sai Baba ya yi 'yar dariya, ta farko a makonni. Ya ce shi fa har yau bai ga hoton nan da ake ta faɗa ba, a kai shi ya gani. Muka ɗora shi a kujerar roba, ni da Hammawa muka ɗauka, muka tsallaka da shi bakin shagona, don daga nan ake ganin allon sosai. Masu falmaran sun tashi aiki, baƙi sun tafi, gari ya koma namu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya kalli randar, ya kalli gefen dakalin inda hannunsa ya goge siminti har ya yi santsi.

"To," in ji shi a hankali, "shi wannan an bar shi ya zauna."

Hammawa ya miƙe ya tsallaka, ya zaga bayan allon, ya daɗe a can yana duba tsakanin kwanon da bango. Washegari da sassafe sai ga shi da magini da bulo da siminti a baro. Ya ce a mayar da dakalin inda yake, a bayan sunayen 'yan kwamiti, inda mai mota ba zai gani ba amma mai tafiya a ƙasa dole ya bi. Shatin tsohon dakalin na nan a jikin bango, fentin kwamiti bai kai can ba. Ni na ciro tef ɗina na auna, na sake aunawa, na tsaya a kan maginin har ya gama. In akwai abin da na iya a duniya, awo ne.

Da ya bushe muka fito da Baba ranar Asabar. Aka dawo da randa. Kafin hantsi labari ya zaga, mutane suka riƙa bi ta bayan allo suna gaisuwa, mai masa ta aiko da kwano a rufe, Baba ya ci har guda uku. Toma ya zo da buhunsa, aka yi ciniki, Baba ya haɗa hannuwansu ya sa albarka. Fuskarsa ta dawo, har yana tsokanata wai wandon da na ɗinka masa bara ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Sai aka kira azahar. Ya jawo sanda, ya dafa gefen dakalin da hannun dama kamar yadda ya saba, ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna. Makonnin da ya yi a kwance sun cinye ɗan ƙarfin da ya rage a ƙafar. Ni da Hammawa muka kama shi ta hammata muka miƙar, a gaban kowa. Ya tsaya yana haki, ya dubi dakalin, ya ce maginin nan ya rage masa tsayi.

Na ce haka ne Baba, ya rage. Hammawa ya ce ƙwarai kuwa, yaran yanzu ba su iya aiki ba. Toma ma ya ce tun daga nesa ya lura. Tef ɗin na wuyana, na cusa shi cikin aljihu.

To jama'a, wannan shi ne jarin ƙasar waje na farko da aikin kwamitinmu ya jawo wa gari, na bulo da siminti, daga aljihun mutumin Garwa mai silifas. Ina taya Yallaɓai Mai Hangen Nesa murna. Sai dai ina roƙon duk mai ɗan'uwa a kwamitin ya rufa mana asiri. In suka ji, ko su zo da guduma, ko su zo da almakashi da ƙyallen buɗe aiki, kuma Baba Ladan ba shi da ƙafar da zai tashi ya tarbi ko ɗaya daga ciki.